Yadda Ake Gano Abin da Ya Hana Bas ɗin I2C Bayyana a Sabon Allon da Ka Zana

An kawo maka allon da ka zana da hannunka, an like kayansa, ka sa masa wuta, firosesa ta tashi lafiya, Linux ya buɗe. Sai ka nemi sensa ko agogon da ka ɗora a kan bas ɗin I2C, wato layuka biyun da firosesa ke magana da ƙananan na'urori ta kansu, ka tarar babu alamarsu. A wannan lokacin hannu yakan yi saurin komawa cikin manhaja yana canje-canje, a sauya adireshi, a sauya direba, a sake haɗa kanel, wato zuciyar Linux, ko Allah zai sa a dace. Na ga mutane sun cinye mako guda a haka, alhali matsalar resista ce guda ɗaya da ba a like ba.

Abin da shekarun wannan aiki suka koya mini shi ne, maganar "bas bai bayyana ba" tana ɗauke da cuta uku daban-daban. Ko dai firosesa ba ta kunna sashenta na I2C ba, ko ta kunna amma sigina ba ya fita a kan layukan, ko yana fita amma na'urar da ake kira ba ta amsawa. Kowace da maganinta. Aikinka shi ne ka gano wacce ke damunka ta hanyar awo, kafin ka taɓa ko da layi ɗaya na manhaja.

Kayan aiki

Multimita mai ƙarar gwajin layi da wurin gwada dayod. Wannan ba makawa.

Osilosikof mai tasha biyu. Idan babu, lojik analaiza mai tasha 8 da gudun 24 MHz ta wadatar, ka haɗa ta da manhajar PulseView ta sigrok, wadda ke fassara maka siginar I2C zuwa adireshi da bayit. Amma ka sani analaiza sifili da ɗaya kawai take gani, ba ta nuna maka siffar igiyar. Idan duka biyun babu, zan nuna inda mita kaɗai za ta iya kai ka.

Zanen da'irar allonka, da zanen layukansa, da takardar bayanan kowane IC (cip) da ke kan bas ɗin. Ka haɗa da takardar kurakuran firosesa, wato wadda kamfanin ke fitarwa yana lissafa aibobin da aka gano bayan an ƙera ta. Sabon shiga ba ya karanta ta, kuma sau da yawa amsar na ciki.

Kebul ɗin UART don ganin saƙonnin tashin allon, da 'yan resistoci na 2.2k, 4.7k da 10k, da ayan da dalma da fulos, da madubin ƙara girma.

Abu biyu da ka tabbatar suna aiki: ƙaramar na'urar I2C irin su EEPROM 24C02, da wani allo na daban kamar Raspberry Pi ko Arduino. Da su za ka raba gardama tsakanin allonka da na'urarka.

Sai littafi da biro. Duk abin da ka auna, ka rubuta.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

Kamfanin Philips ne ya fito da I2C a 1982, yanzu NXP ke riƙe da ƙa'idarsa. Layi biyu ne: SDA na bayanai, SCL na bugun agogo. Muhimmin abu guda shi ne, babu wata na'ura a kan bas ɗin da ke tura layi sama. Kowace tana iya jan layin zuwa giraun ne kawai, ko ta sake shi. Idan kowa ya saki, resistar ja-sama ce ke mayar da layin zuwa ƙarfin wutar bas ɗin. Saboda haka idan babu wannan resistar, babu bas, komai kyawun manhajarka.

Zance yana farawa ne idan SDA ya sauka alhali SCL na sama. Daga nan firosesa ta aika bit 7 na adireshi, da bit ɗaya mai nuna karatu ko rubutu. A bugu na tara sai ta saki SDA ta saurara. Idan na'urar ta ji sunanta, ta ja SDA ƙasa, wannan shi ne ACK. Idan layin ya tsaya a sama, NACK ke nan, ba wanda ya amsa. Duk binciken da za mu yi, wannan bugu na tara muke nema.

Mataki na 1: Rarrabe cutar

Rubuta wannan:

i2cdetect -l

Idan ya jero maka bas, irin su i2c-0 da i2c-1, kuma naka na ciki, to kwantirolar, wato sashen I2C na firosesa, ta tashi, matsalarka tana kan layi ko na'ura. Idan jerin babu komai, duba ls /sys/bus/i2c/devices. In ka ga bas ɗin a can amma babu /dev/i2c-1, abin da ya rage kawai shi ne modprobe i2c-dev, ko ka kunna CONFIG_I2C_CHARDEV a kanel. In ko'ina babu shi, mataki na 4 ne naka.

Ko da wane sakamako ka samu, kada ka tsallake mataki na 2 da na 3. Minti goma ne, kuma a sabon allo su ne suka fi yawan kama ɓarawon.

Mataki na 2: Kashe wuta, duba da ido da mita

Ɗauki madubi ka dubi kowane IC. Ɗigon ƙafa ta ɗaya yana inda ya kamata? Akwai dalmar da ta haɗe ƙafa biyu? Resistocin ja-sama suna nan, ko an bar gurbinsu fayau saboda an yi musu alamar kada a like a jerin kayan? Wannan na faruwa fiye da yadda kake zato.

Sa mita a gwajin layi. Daga ƙafar SDA ta firosesa, ko wuri mafi kusa da ita da za ka iya taɓawa, zuwa ainihin ƙafar SDA ta na'urar. Ka taɓa ƙafar kanta, ba tagullar da ke ƙarƙashinta ba, domin ƙafa na iya zama a kan tagulla ba tare da dalma ta kama ba. Yi haka ga SCL. Sannan gwada shot: SDA da SCL, SDA da giraun, SCL da giraun.

Yanzu auna om tsakanin SDA da layin wutar bas ɗin. Ya kamata ka ga adadin da ya yi kusa da resistar da ka sa. Idan ka sa 4.7k ka ga 1.5k, akwai wasu resistocin ja-sama da ke haɗe kafaɗa da kafaɗa da ita, galibi a kan ƙananan allunan da ka saya ka jona, domin kusan kowannensu na zuwa da nasa. Uku na 4.7k a haɗe suna ba da kimanin 1.57k.

Gargaɗi mafi girma a nan: kada ka gwada allonka da zanenka kawai. Idan kuskuren a zanen yake, allon zai dace da shi daidai, kai kuma ka yi ta murna. Buɗe takardar IC ɗin, ka ƙirga ƙafafun ɗaya bayan ɗaya. Musanya SDA da SCL shi ne kuskuren da na fi gani, sai zanen gurbin IC da aka yi shi a juye saboda hoton da ke takardar daga ƙasa aka ɗauke shi, mai zanen ya ɗauka daga sama ne.

Mataki na 3: Sa wuta, auna layukan suna hutawa

Fara da ƙafar wutar na'urar kanta. Ba a bakin regileta ba, a kan ƙafar IC ɗin. Sannan auna SDA da SCL ba tare da ka aika komai ba. Dukansu ya kamata su tsaya a ƙarfin wutar bas ɗin, misali bolt 3.3. Duk wani adadi daban yana gaya maka wani abu.

Idan ka ga sifili a ɗayansu, ko dai shot ne, ko wata na'ura ta riƙe layin, ko firosesa ta mai da ƙafar GPIO, wato ƙafar gama-gari da manhaja ke ɗagawa ko saukewa, tana fitar da sifili. Riƙe maɓallin risat na firosesa ka sake aunawa. In layin ya tashi, laifin daga saitin firosesa ne.

Idan adadin na yawo, yana sauyawa in ka kusanto da yatsa, babu ja-sama, ko kuma layin wutar da resistar ke rataye a kai a kashe yake. Na taɓa kwana biyu a kan allo irin wannan. Resistocin suna nan, adadinsu daidai, amma an ɗaure su a kan wata regileta da ba ta tashi sai manhaja ta kunna ta, manhajar kuwa ba ta san da zamanta ba. Tun daga ranar nake auna gefe biyu na kowace resistar ja-sama.

Idan ka ga adadi na tsaka-tsaki, kamar bolt 0.6 zuwa 1 da wani abu, ka zargi wata na'ura da ba ta da wuta amma tana jone da bas ɗin. Dayod ɗin kariya da ke cikin ƙafafunta yana zuƙe wuta daga layin zuwa cikinta, sai ya danne bas ɗin gaba ɗaya. Na'ura ɗaya marar wuta tana iya rufe bakin duk sauran.

Sai batun bambancin ƙarfin wuta. A ƙa'ida, sigina bai zama "ɗaya" ba sai ya wuce kashi 70 cikin ɗari na wutar na'urar. Ga na'urar bolt 3.3, wannan bolt 2.31 ne. Idan firosesarka na magana da bolt 1.8, na'urar ba za ta taɓa jin ta ba. Kana buƙatar mai fassara ƙarfin wuta da aka yi domin irin wannan bas, kamar PCA9306, ko da'irar BSS138 da resistoci a gefe biyu. Ka guji TXB0108 da danginsa a nan, ba don layukan ja-sama aka yi su ba. Ka kuma tabbatar rukunin ƙafafun firosesar da I2C ke ciki ya samu tasa wutar, domin manyan firosesoci kowane rukuni da ƙafar wutarsa.

Mataki na 4: Idan kwantirolar ce ba ta tashi ba

A Linux na allunan ARM, kanel ba ya neman kayan aiki da kansa. Bishiyar na'urori ce ke gaya masa abin da ke akwai, wato fayil ɗin .dts da ake mayarwa .dtb. A fayil ɗin da kamfanin firosesa ke bayarwa, kusan duk kwantirolocin I2C a kashe suke zuwa. Kai ne za ka kunna naka a fayil ɗin allonka:

&i2c2 {
    pinctrl-names = "default";
    pinctrl-0 = <&pinctrl_i2c2>;
    clock-frequency = <100000>;
    status = "okay";
};

Ka lura na sa 100000. A lokacin bincike koyaushe ka fara da 100 kHz, gudu ya biyo baya.

Kafin ka yarda gyaranka ya shiga, tabbatar da cewa .dtb ɗin da ka gyara shi ne allon ya ɗauka. U-Boot, manhajar da ke loda kanel lokacin tashin allo, na iya ɗauko tsohon fayil daga wani ɓangaren ma'ajiya, ko ya ɗauko na allon gwajin kamfanin da ka kwaikwaya. Duba cat /proc/device-tree/model, sannan ka nemo kumburin I2C ɗinka a cikin /proc/device-tree ka karanta status ɗinsa. Abin da ke nan shi ne gaskiyar abin da kanel ya gani, ba abin da ke kwamfutarka ba.

Daga nan karanta saƙonnin kanel da dmesg | grep -i i2c. Idan babu ko layi ɗaya game da kwantirolarka, ko dai tana kashe, ko ba a haɗa direbanta cikin kanel ba. Idan ka ga lamba -517, direban yana jiran wani abu ne da bai riga ya tashi ba, agogo ko regileta ko saitin ƙafafu. Karanta /sys/kernel/debug/devices_deferred don ganin waɗanda ke jira, sabbin kanel ma sukan faɗi dalilin.

Wani tarko kuma shi ne lamba. Abin da takardar firosesa ta kira I2C2 ba lallai ya zama /dev/i2c-2 ba. A i.MX6, misali, takarda na ƙirga daga 1, Linux kuma daga 0, don haka I2C2 shi ne i2c-1. Dubi adireshin rajistar da i2cdetect -l ke nunawa ka gwada da takarda, ko ka kafe lambar a sashen aliases.

Idan Linux bai gama tashi ba tukuna, U-Boot na da nasa umarnin in an haɗa su ciki: i2c bus, i2c dev, da i2c probe. Idan kuma maikurokwantirola kake aiki da ita ba tare da Linux ba, makwafin wannan mataki shi ne kunna agogon sashen I2C da na tashar GPIO. A STM32, idan ka rubuta cikin rajistocin I2C ka karanto sifili, agogon sashen ne ba a kunna ba.

Mataki na 5: Ƙafafun da aka ba I2C

Wannan shi ne wurin da allon da mutum ya zana da kansa ya fi bambanta da allon gwajin kamfani. Ƙafa ɗaya ta firosesa tana iya zama UART, ko GPIO, ko I2C, gwargwadon saiti. Kwantirola za ta tashi, /dev/i2c-1 ya bayyana, dmesg ya yi tsaf, alhali siginar na fita ta wasu ƙafafun da ba su ne ka ja layi daga gare su ba.

Duba fayil ɗin pinmux-pins da ke ƙarƙashin /sys/kernel/debug/pinctrl, ka ga wa ya mallaki ƙafafunka biyu. Idan dmesg ya kawo saƙo mai cewa "already requested by", wani direban ya riga ka kama ƙafar, sai ka kashe shi a bishiyar na'urori.

Ƙafafun dole su kasance a yanayin jan-ƙasa-kawai. A laburaren HAL na STM32 sunansa GPIO_MODE_AF_OD. In ka bar su suna tura sama da ƙarfi, duk lokacin da na'ura ta ja SDA don ta amsa, sai su yi kokawa da firosesa. A dangin i.MX kuma akwai bit ɗin SION da ke ba kwantirola damar jin abin da ke kan ƙafarta. Shi ne 4 ɗin da ke farkon adadi irin 0x4001b8b1 da za ka gani a misalan kamfanin. In ka manta shi, kwantirola ba ta ganin agogon da ita kanta take bugawa.

Ga gwajin da nake so idan babu osilosikof. Kashe I2C na ɗan lokaci, ka mai da ƙafafun GPIO, ka ja kowace ƙasa ka sake ta duk daƙiƙa ɗaya, kana kallon mita a ƙafar na'urar. Idan wadda ka kira SCL ce ke motsi a ƙafar SCL, ka tabbatar da lambar ƙafa da layi da dalma a lokaci guda.

Mataki na 6: Karanta abin da i2cdetect ke faɗi

i2cdetect -y 1

Alamar -- a gurbin adireshi na nufin ba a amsa ba. Lamba na nufin an amsa. UU na nufin wani direba ya riga ya riƙe adireshin, don haka ba a ma tambaya ba, kuma wannan yawanci labari ne mai daɗi.

Yadda teburin ya fito ma shaida ce. Idan ya fito nan take babu kowa, bas na aiki, amsa ce babu. Idan yana jan ƙafa, kowane gurbi sai an jira, layi ne a maƙale ko ƙafafun ba daidai ba, kuma za ka ga -110 a dmesg. Idan kowane adireshi ya amsa, kada ka yi murna, SDA ne ke danne a ƙasa, kwantirola na ɗaukar hakan a matsayin ACK. Kuskure -6 ko -121 kuwa yawanci NACK ne.

Wasu kwantiroloci ba sa iya irin gajeren rubutun da i2cdetect ke amfani da shi a yawancin adireshi. Gwada da -r, wanda ke tambaya ta hanyar karatu. Ka yi hattara kuma: idan bas ɗin na ɗauke da IC mai kula da wutar allon, kada ka yi ta bincike ko rubutu kan mai uwa da wabi. Rubutu ɗaya a rajistar da ba ita ba na iya ɗaga wutar firosesa.

Mataki na 7: Kalli siginar da idonka

Sa tsinken osilosikof a x10, domin a x1 nauyin kafasitans ɗinsa kaɗai na iya canza abin da kake aunawa. Ɗaura igiyar giraun kusa. Saita shi ya kama saukar SDA, sannan ka sa allon ya yi ta maimaita kira:

while true; do i2cget -y 1 0x50; sleep 0.1; done

Idan babu motsi ko kaɗan, koma mataki na 5. Idan akwai, ƙirga bugun SCL har zuwa na tara ka dubi SDA. Ka karanta bit bakwai na farko da kanka, ka ga ko adireshin da ke kan waya shi ne wanda kake nufi.

Sannan dubi siffar tashin igiyar. Sauka takan zo da kaifi, domin transista ce ke ja. Tashi kuwa resista ce ke cika kafasitans ɗin layin a hankali, shi ya sa yake lanƙwasa. Ƙa'ida ta yarda da nanodaƙiƙa 1000 a 100 kHz, da 300 kacal a 400 kHz, kuma kafasitans ɗin bas kada ya wuce 400 pF. Lissafin resista mafi girma shi ne lokacin tashi a raba da 0.8473 sau kafasitans. Ga bas mai 100 pF a 400 kHz, wannan kimanin 3.5k ne, ka ga 10k ba za ta yi ba ke nan. Ta ɗaya gefen, ana sa ran na'ura ta iya jan miliamfiya 3 ta sauke layin zuwa bolt 0.4, don haka a bolt 3.3 kada resistar ta gaza kimanin om 970. Tsakanin waɗannan biyun kake zaɓa. Ja-sama na cikin firosesa, wanda yakan kai dubun om ashirin zuwa hamsin, ya yi rauni ƙwarai. Yana iya nuna maka bolt 3.3 a mita, ya kasa ɗaga layin a kan lokaci idan zance ya fara.

Idan igiyar ba ta kai sama ba kafin ta sake sauka, like 2.2k a kan ta da, ko ka rage gudu zuwa 10 kHz in kwantirolarka ta yarda. In na'urar ta amsa a ƙaramin gudu, ka gano bakin zaren. Idan kuma ka ga matakala a tsakiyar tsayi daidai bugu na tara, na'urar tana ƙoƙarin amsawa ne firosesa na ture ta, koma kan yanayin ƙafafu.

Mataki na 8: Sigina lafiya, amma shiru

Yanzu saura na'urar. Fara da adireshi. Wasu takardu na rubuta shi da bit 7, wasu da bit 8 haɗe da bit ɗin karatu da rubutu. EEPROM 24C02 adireshinsa 0x50 ne, amma za ka ga an rubuta 0xA0 da 0xA1. Linux da laburaren Wire na Arduino bit 7 suke so. HAL na STM32 kuwa yana so ka tura adireshin hagu da gurbi ɗaya. Duk adireshin da ya wuce 0x77 a takarda, kusan tabbas na bit 8 ne.

Auna ƙafafun zaɓen adireshi da mita. Sensar motsi MPU-6050 na amsawa a 0x68 ko 0x69 gwargwadon ƙafar AD0, sensar yanayi BME280 a 0x76 ko 0x77 gwargwadon SDO. Ƙafar da aka bari tana lilo ba ta da tabbas, yau ta amsa gobe ta ƙi. Kuma agogon DS3231 shi ma 0x68 yake, in ka haɗa shi da MPU-6050 ba ka ɗaga AD0 ba, biyu za su amsa kira ɗaya.

Sai sharuɗɗan da IC ɗin ke gindayawa kafin ya buɗe baki. BME280 na da I2C da SPI, ba ya shiga I2C sai ƙafar CSB na sama. Sensar kyamara irin OV5640 ba ta amsawa sai an ba ta agogonta na waje an kuma cire ta daga risat. GT911 na allon taɓawa yana zaɓar 0x5D ko 0x14 ne bisa yadda ƙafar INT take lokacin da aka sake risat. EEPROM na ƙin amsawa na kimanin milidaƙiƙa 5 bayan kowane rubutu. Idan akwai TCA9548A, mai raba bas zuwa tashoshi, a tsakani, ba za ka ga abin da ke bayansa ba sai an buɗe tasharsa. Karanta sashen kunna wuta na takardar a tsanake, ka auna kowace ƙafar risat da ta kunnawa.

Mataki na 9: Bas ɗin da ya maƙale

Akwai cutar da ke zuwa ta tafi: allo na aiki in an cire wuta an mayar, amma in an danna risat kawai sai bas ya mutu. Abin da ya faru shi ne an katse firosesa na'ura na tsakiyar aika bayit, sai ta ci gaba da riƙe SDA tana jiran sauran bugun agogo. Maganin yana cikin ƙa'idar I2C kanta: a buga SCL har sau tara, na'urar za ta saki layin, sannan a aika alamar tsayawa. Direbobi da dama na Linux na yin haka da kansu in ka ba su scl-gpios da sda-gpios tare da saitin ƙafafu na biyu mai suna gpio. A maikurokwantirola kai za ka rubuta shi, ka kira shi kafin kunna sashen I2C.

Nan ne takardar kurakurai ke amfani. STM32F103 na da sanannen aibi inda tutar BUSY ke maƙalewa ko da layukan na sama, kuma takardar ta ba da matakan warware shi. Kwantirolar BCM2835 ta tsofaffin Raspberry Pi kuma ba ta iya jure wa na'urar da ke riƙe SCL don neman ƙarin lokaci yadda ya kamata.

Mataki na 10: Raba su ka gwada kowa shi kaɗai

Idan har yanzu shiru, jona 24C02 ɗinka mai aiki a kan layukan allon da gajerun wayoyi, kada ka manta giraun. In ya bayyana a 0x50, firosesa da bas sun fita daga zargi. Sannan juya gwajin: riƙe firosesar a risat, ka jona Raspberry Pi ko Arduino mai ƙarfin wuta iri ɗaya da bas ɗin, ka kira na'urar daga waje. Idan na'urori da yawa ne, cire su ɗaya bayan ɗaya kana aunawa bayan kowace. A zane na gaba ka sa resistar om sifili a kan SDA da SCL na kowane reshe, da wuraren taɓa tsinke guda uku har da giraun, domin cire resista ya fi ɗaga IC sauƙi nesa ba kusa ba.

Idan ya tabbata an musanya SDA da SCL a tagulla, ko an ja layukan daga ƙafafun da ba su da I2C, ba sai ka yanka layi nan take ba. Direban i2c-gpio na Linux na iya yin bas da kowace ƙafa biyu ta GPIO. Ya fi jinkiri, yana kuma cin lokacin firosesa, amma zai riƙe ka har a gyara zanen.

Ranar da lamba ta bayyana a teburin, kada ka tsaya nan. Karanta rajistar shaidar IC ɗin. Ga MPU-6050, i2cget -y 1 0x68 0x75 zai ba ka 0x68. Ga BME280, rajista 0xD0 na ba da 0x60, in ka ga 0x58 to BMP280 aka like maka, wanda ba ya auna laima. Maimaita karatun sau dubu a gudun da za ka yi aiki da shi, da allon a sanyaye da kuma bayan ya ɗumama, ka cire wuta ka mayar, ka danna risat a tsakiyar karatu. Sai duk waɗannan sun wuce ba kuskure ko ɗaya sannan ka ɗaga gudun zuwa 400 kHz, ka sake duba lokacin tashin igiyar a osilosikof.